Akwai ƙwaya ko allurar da ke maganin ɗaukewar numfashi a cikin barci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina rubutowa daga Tudun Wada, Kaduna. Maigidana shekararsa 49, mai jiki ne sosai, yana shan maganin hawan jini kala uku amma jinin ya ƙi sauka. Minsharinsa har tsakar gida ana ji, sai kuma ya yi tsit kamar rai ya fita, can sai ya zabura ya ja numfashi da ƙarfi. Da rana ko a shago gyangyaɗi yake yi. An yi masa gwajin barci, aka ce numfashinsa na tsayawa sau 41 a kowace awa, wai ya sayi injin da ake sawa a hanci. Kuɗin ya fi ƙarfinmu yanzu, ga matsalar wuta. Na ji an ce an fitar da allurar wannan ciwo a Amurka, gaskiya ne? Sannan mai kemis ya ba shi Lexotan don ya riƙa samun barci mai kyau, ya ci gaba da sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ba ta jiran gobe. Lexotan ƙara masa ciwon yake yi. Sunansa na asali bromazepam, ɗan gida ɗaya ne da diazepam da mutane suka fi sani da Valium. Aikinsu su saki tsokar jiki su kuma kwantar da ƙwaƙwalwa, alhali mai wannan lalura da abubuwan nan biyu yake kwana a raye: tsokar da ke buɗe masa maƙogwaro, da ƙwaƙwalwar da ke tayar da shi idan iska ta yanke. Zaburar nan da ke ba ki tsoro ita ce ke ceton sa, kuma ita ce ƙwayar ke jinkirtawa. In kwana biyu ko uku ya yi yana sha, ya ajiye ta kawai. In kuwa ya ɗauki makonni yana sha kullum, kada ya yanke farat ɗaya, don hakan na kawo rawar jiki da firgici, wani ma har jijjiga. Ya kai wa likita a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

Yanzu ga abin da ke faruwa a wuyansa. Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro, hanyar iska ba ta da ƙashi, ba ta da guringuntsi, tsoka ce kaɗai ke riƙe da ita a buɗe. Kamar tiyon roba mai laushi take, in aka zuƙe shi da ƙarfi sai ya manne. Idan mutum yana farke tsokar na aiki. Da barci ya ɗauke shi sai ta saki, harshe ya koma baya, kitsen wuya da na gindin harshe su matso. Idan hanyar ta ƙuntata ana jin minshari, idan ta rufe gaba ɗaya sai a ji tsit. Tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ita muke ƙirgawa. Sau 5 zuwa 15 a awa ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Na maigidanki 41 ne, wato a barcin awa bakwai abin na faruwa kusan sau 300. Kowane ɗaya iskar oksijin ta jini na sauka, zuciya ta zabura, jini ya hau. Shi ya sa magani kala uku ya kasa saukar da jininsa. Kuma ba ku kaɗai ba ne: wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna mutum wajen miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da ciwon a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

Batun allura gaskiya ne. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da tirzepatide a matsayin maganin wannan ciwo, kuma shi ne na farko da aka taɓa amincewa da shi don ciwon kansa. Kamfanin Eli Lilly ke yin sa. A Amurka, idan don ƙiba ko numfashi ne sunansa Zepbound, idan don ciwon suga ne sunansa Mounjaro, amma sinadarin ɗaya ne. Sai dai ki lura da waɗanda aka ce a ba: manya masu ƙiba waɗanda ciwonsu matsakaici ne ko mai tsanani. Allurar ba ta taɓa maƙogwaro ko kaɗan. Kwaikwayon wasu sinadarai biyu take yi da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, sai mutum ya ƙoshi da wuri, yunwa ta ragu, nauyi ya sauka, kitsen wuya da na harshe da na tumbi su bi. Siririn mutum da ƙaramin haɓa ko manyan naman maƙogwaro suka jawo masa ciwon, ba abin da za ta yi masa sai rama.

Binciken da aka dogara da shi an buga shi a 2024, mutum 469 aka bi har mako 52. A farko matsakaicinsu numfashi na tsayawa wajen sau 50 a awa. Waɗanda aka yi wa allurar gaske ya ragu musu da sau 25 zuwa 29 a awa, waɗanda aka yi wa ta bogi da kusan sau 5 kawai, nauyinsu kuma ya sauka da kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Hawan jininsu ma ya ɗan sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shekara da shekaru muna gwada ƙwayoyi ba wanda ya kai nan. Amma ki yi lissafin da na maigidanki. In ya samu irin wannan ragi, 41 zai dawo wajen 15, ciwon ya yi sauƙi amma bai tafi ba, kuma sai bayan shekara guda. Waɗanda ciwon ya lafa musu har ya zama ba abin damuwa ba, ba su wuce rabi ba. Allurar kanta ana fara ta ne da miligiram 2.5 sau ɗaya a mako, ana ƙarawa duk bayan mako huɗu har a kai 10 ko 15. Watannin farkon nan duka numfashinsa na nan yana tsayawa kowane dare.

Illolinta mafi yawa a ciki suke: tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, musamman lokacin da ake ƙara yawanta. Wasu kan samu tsakuwar matsarmama, wasu kaɗan kumburin gaɓar da ke samar da insulin, wanda alamarsa ciwon ciki mai tsanani ne da ke ratsawa har baya. Ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa wanda a danginsu akwai wani nau'in kansar maƙoƙo, kuma macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani allurar na iya rage mata ƙarfi a farkon farawa da duk lokacin da aka ƙara. Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide sai an gyara masa su, in ba haka ba suga ya faɗi. Mai amai da gudawa a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, balle in azumi ya zo a ciki, ƙodarsa ce za ta ji jiki.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Farashin da aka fara sa wa Zepbound a Amurka ya haura dala 1,000 a wata. Ko an same ta da rahusa, in kika tara kuɗin 'yan watanni ya isa sayen injin da kike cewa ya fi ƙarfinku, injin kuwa sau ɗaya ake saye. Sannan ba allurar da ake yi a gama ba ce, bincike ya nuna waɗanda aka tsayar wa da ita nauyi ya fara dawo musu cikin shekara guda, in nauyi ya dawo kuwa minshari na biye da shi. A firji ake ajiye ta, tsakanin maki 2 da 8 a ma'aunin Celsius. Ki tambayi kanki wane firji ta kwana tun daga jirgi har zuwa hannun mai tallarta a Instagram. Ga kuma jabu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide, 'yar'uwar wannan allura da ake sayarwa da sunan Ozempic, bayan an kama shi a Birazil da Ingila da Amurka. In ya shiga can, ba abin da zai hana shi shigowa nan. Duk wanda zai yi allurar nan ya kasance likita ne ya rubuta, daga kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC. Ra'ayina dai shi ne: ga mai ƙiba, mai hali, musamman wanda ke da ciwon suga a haɗe, magani ne mai kyau, a haɗa shi da injin. Ga wanda zai sayar da kadara don ya yi ta wata uku ya tsaya, asarar kuɗi ce.

Abin da allurar ta tabbatar shi ne rage nauyi na aiki ko ta wace hanya aka rage shi. Tun a 2000 wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna wanda ya rage kashi 10 na nauyinsa tsayawar numfashinsa na raguwa da kusan kashi 26, wanda ya ƙara kashi 10 kuma tana ƙaruwa da kusan kashi 32. Mai kilo 105, kilo 10 ake magana. Wannan a hannunki yake fiye da hannun likita, tunda ke ce mai tukunya: malmalar tuwon dare ta koma ɗaya, lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu su fita, tsiren bayan isha'i ya zama na lokaci-lokaci, ya riƙa takawa da ƙafa zuwa masallaci da shago. In kina son sanin ko ya shiga sahun masu ƙiba a ma'aunin likita, mai tsayin mita 1.70 daga kilo 87 ya shiga.

Akwai wani rukunin magunguna da za ki ji ana ambata, masu hana gyangyaɗi: modafinil, armodafinil, solriamfetol da pitolisant. Waɗannan ba sa rage tsayawar numfashi ko da sau ɗaya. An yi su ne don wanda ya riga yana kwana da injin yadda ya kamata amma barcin rana bai sake shi ba. In aka ba wanda ba ya amfani da injin, ido zai buɗe da rana, da dare zuciya na ci gaba da shan wahala, mutum yana zaton ya warke. Solriamfetol na ɗaga jini da bugun zuciya, bai dace da wanda jininsa ya ƙi sauka ba. Modafinil kuwa tun 2010 hukumar magunguna ta Turai ta janye amincewarta da shi ga wannan ciwo, ta bar shi ga wata cutar barci daban. Goro da kofi da lemon ƙara kuzari da direbobinmu ke ɗurawa a tashar Kawo da Mando, su ma wannan rufa-rufar suke yi, da arha dai.

Abin da mu likitoci muka fi sa wa ido shi ne ƙwayar da za ta hana tsokar maƙogwaro saki a cikin barci. A 2019 masu bincike a Boston suka gwada haɗa atomoxetine da oxybutynin a kan mutum 20, tsayawar numfashi ta ragu fiye da rabi a dare ɗaya. Daga nan kamfanin Apnimed ya haɗa ƙwaya ɗaya mai suna AD109, a 2025 ya sanar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu da suka nuna ragin kusan rabi. A Turai kuma ana gwada sulthiame, tsohon maganin farfaɗiyar yara, wanda ke daidaita yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa numfashi, ɗan'uwansa acetazolamide da likitocin ido ke bayarwa don hawan ruwan ido shi ma yana ɗan yin haka. Na faɗi sunayen ne don kada wani ya karanta a waya ya je kemis ya haɗa wa kansa. Haɗin farkon nan na busar da baki, yana hana barci, yana ƙara bugun zuciya, yana iya riƙe wa namiji mai shekaru fitsari. Acetazolamide kuma na sa a riƙa jin yatsu kamar ana tsikara, yana kawo tsakuwar ƙoda.

Magungunan da suka fi amfani a nan gida su ne na abin da ke ƙara toshe hanya. In hunturu ya shigo Kaduna da ƙurarsa, mai atishawa da toshewar hanci minsharinsa ninkuwa yake yi. Feshin hanci irin fluticasone ko mometasone, tare da wanke hanci da ruwan gishiri, na taimakawa, kuma yana sa a jure wa injin. Shi kaɗai ba zai warkar da mai 41 ba. Ɗigon hanci mai buɗewa nan take, irin Otrivin, kada ya wuce kwana uku zuwa biyar, in ya wuce hancin toshewa yake ƙara yi har mutum ya kasa rabuwa da kwalbar. Zan so kuma a auna masa sinadarin maƙoƙo a jini, don in ya yi ƙasa yana kawo ƙiba da kasala da kaurin harshe, maganinsa kuwa levothyroxine ne, ƙwaya ɗaya da safe. Likitansa na hawan jini ya san da sakamakon gwajin barcin nan. A irin jinin da ya ƙi magani uku akan ƙara spironolactone, wanda ke rage ruwan da ke taruwa a ƙafa da rana ya gangaro wuya da dare, amma sai an duba ƙoda da sinadarin fotashiyam tukuna.

Yara labarinsu daban ne, na kawo shi don iyaye da yawa na ɗaukar minsharin yaro abin dariya. Yaron da ke kwana baki buɗe, yana fitsarin kwance bayan ya daina, yana rashin natsuwa a aji, yawanci naman bayan hanci da na gefen maƙogwaro ne suka yi girma. In abin mai sauƙi ne feshin hanci da montelukast kan isa, duk da shi montelukast tun 2020 FDA ta ɗora masa babban gargaɗi kan mugun mafarki da sauyin hali. In mai tsanani ne tiyata ce, kuma masu sikila sun fi bukatar a duba su da wuri. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan cikin Kaduna, inda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suke, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kai yaro ko babba wurin wanzami a cire beli ba ya buɗe hanyar iska, zubar jini da tabo kawai ake sayowa.

Ki ɗauko ledar magungunansa yau da dare ki zazzage a kan tabarma, ki ware duk wanda ke sa barci. Bayan Lexotan da Valium, ki duba tramadol da duk maganin tari mai kodin. Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018, amma bai ɓace daga gari ba. Su waɗannan rage wa ƙwaƙwalwa ƙoƙarin numfashin suke yi kai tsaye, haɗa su da maganin barci a jikin mai wannan lalura shi ne irin wanda ake cewa ya kwanta lafiya bai tashi ba. Maganin mura mai sa barci irin Piriton kada ya zama na kullum. Allurar testosterone da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi na iya tsananta ciwon. Sigari da shisha na kumbura hanyar iska, giya kuma tana sakin tsoka kamar Valium. Ga mata kuwa, sha-ka-fashe da ake sha don a yi jiki, wato dexamethasone da cyproheptadine, kitsen da yake tarawa a wuya da fuska yake fara sauka. Duk ranar da za a yi masa tiyata, ko ta ƙaba ce, a gaya wa mai ba da maganin barcin tiyata cewa yana da wannan lalura kafin a shiga.

Injin nan, CPAP, wani likita ɗan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ya fito da shi a 1981, har yau kuma ba ƙwayar da ta kamo shi. Iskar ɗaki yake turawa a hankali ta hanci ta riƙe hanyar a buɗe, ba oksijin ba ne, sayen tukunyar oksijin ba ya maye gurbinsa. A daren farko yake aiki, mai 41 kan dawo ƙasa da 5. Wutar da yake ci ba ta kai yadda ake tsoro ba, in aka kashe ɓangaren dumama ruwa bai fi ta fanka ba, ƙaramin batirin sola mai inbata na iya kai shi asuba. Wanda aka ɗan yi amfani da shi ma yana yi, muddin an sabunta abin rufe hanci da tiyo da matatar iska, kuma likita ya saita ƙarfin. A lokacin ƙura ki riƙa duba matatar duk mako. Satin farko da wuya, da yawa a nan suke jefar da shi, galibi don abin hancin bai yi musu daidai ba ne, canza shi ake yi. In ya gagara sam, likitan haƙori na iya ƙera abin sawa a baki da ke turo haɓar ƙasa gaba, ko da yake ya fi aiki ga ciwo mai sauƙi da matsakaici.

Kafin kuɗin injin su haɗu, ya daina kwanciya rigingine. Ki ɗinka aljihu a bayan wata tsohuwar rigarsa, tsakanin kafaɗu, ki sa ƙwallon tanis ko dunƙulen tsumma mai tauri, duk sanda ya juya baya zai koma gefe da kansa. Ki ɗaga kan gadon da bulo ɗaya ko biyu, hakan ya fi tara matasai da ke lanƙwasa wuya. Cin abincin dare ya riga kwanciya da awa biyu zuwa uku. Tuƙi mai nisa kuwa, hanyar Abuja ko ta Zariya da Kano, ya bar wa wani har sai an fara masa magani gyangyaɗin ya tafi, don masu wannan ciwo sun ninka sauran mutane haɗarin mota. In kika ga ciwon ƙirji, ko kumburin ƙafa da haki, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, a wuce asibiti a lokacin, kada a jira ranar ganin likita.